Araha Ba Ta Ado: Akwatin Wutar Kwamfuta da Lafiyar Mai Ita

*Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai da matasan ma'aikata 'yan ƙasar Karaye da Rogo, a garin Falgore, lokacin hutu.*



Muna godiya ga Allah da ya tara mu yau a nan Falgore ta ƙasar Rogo, wadda baƙi kan rikita ta da dajin nan mai irin sunanta na can kudancin Jihar Kano. Muna kuma godiya ga shugabannin taro da suka ɗora mana nauyin yin magana, alhali kuwa a cikin zauren nan akwai waɗanda suka fi mu sani da shekaru. Sa'ad da aka ba mu zaɓin abin da za mu yi jawabi a kai, wasu abokanmu sun so mu tattauna siyasa, wasu kuma rashin aikin yi. Mu kuwa sai muka zaɓi wani ɗan akwati na ƙarfe wanda bai fi girman bulo ba, wanda yake zaune a bayan kowace kwamfutar tebur, ba mai kallonsa sai ranar da ya yi hayaƙi. Masu gyara suna ce masa fawa-fak, mu kuwa a nan za mu kira shi akwatin wuta. Cajar laftof da cajar wayar hannu ƙannensa ne, aikinsu ɗaya, cutarsu ɗaya, saboda haka duk abin da muka faɗa game da shi ya shafe su.

Dalilin ɗauko wannan magana

Shekarun baya wannan zance na mutanen birni ne. Yau kuwa ya iso har ƙofar gidajenmu. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta ajiye takarda da fensir baki ɗaya, ta yadda yaron da ya tashi a Falgore ko Zarewa ko Fulatan ba shi da hanyar shiga jami'a sai ya zauna gaban kwamfuta. Rajistar makaranta, duba sakamako, neman aiki, lissafin albashi a sakatariyar ƙaramar hukuma, duk sun koma kanta. Da yawa daga cikinmu, in mun gama karatu aikin gwamnati bai samu ba, shagon buga takardu da cajin waya za mu buɗe da jarin da iyaye suka sayar da masara ko ɗan bijimi suka ba mu.

Ga shi kuma tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, darajar Naira ta faɗi bayansa, kayan da ake shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Mai saye ya koma neman mafi araha, ɗan kasuwa ya koma kawo mafi araha, mai ƙerawa a can ƙasar waje shi kuma ya koma rage kayan ciki domin farashin ya sauko. A cikin kayan kwamfuta kuwa, akwatin wuta ne aka fi yi wa wannan ragi, domin ba wanda yake tambaya a kansa. Mutum zai tsaya a Titin Beirut cikin Kano ya yi rabin sa'a yana tambayar saurin kwamfuta da yawan abin da take ɗauka, amma ba zai ce a buɗe masa bayanta ya ga abin da yake ba ta wuta ba.

Mun ga abin da wannan ya jawo da idonmu. Wani abokin karatunmu ya sayi kwamfuta haɗin gida da kuɗin da ya tara shekara guda, ya zuba kundinsa na kammala digiri a ciki. Ana saura 'yan makonni ya miƙa, wata rana da dare aka kawo wuta, sai aka ji ƙara kamar an fasa kwalba, ɗaki ya cika da warin ƙonanniyar roba. Da aka kai wa mai gyara, aka tarar akwatin wutar bai mutu shi kaɗai ba, ya tafi da babban allon kwamfutar da ma'ajiyar da aikin yake ciki. Abin da ya rage a kuɗin akwatin ranar saye bai kai kuɗin motar da ya kashe yana zirga-zirga wajen masu gyara ba. Shekarar karatu kuwa da kyar ta tsira.

Aikin akwatin wuta

Domin a gane inda haɗarin yake, wajibi ne mu san abin da akwatin yake yi. Wutar da take shigowa gidajenmu, wadda har yau muke kira wutar Nefa ko da yake an canza wa hukumar suna tun 2005, kuma tun 2013 kamfanin KEDCO ne yake raba ta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, ƙarfinta a ƙa'ida bolt 230 ne, tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa. Kayan cikin kwamfuta kuwa ba sa jure wannan. Abin da suke so shi ne wuta mai gudu hanya ɗaya, a natse, mai ƙarfin bolt 12 da bolt 5 da bolt 3.3. Laftof tana shan wajen bolt 19 ko 20 daga cajarta, ƙaramar cajar waya kuma bolt 5 take bayarwa. Watau akwatin wuta kamar madatsar ruwa ta Challawa yake a nan ƙasar Karaye: a bayansa akwai ƙarfin da zai iya share gari, a gabansa kuma ana so ya riƙa saki daidai gwargwadon abin da shuka za ta sha.

Ga yadda yake yi a taƙaice. Da farko yana miƙar da wutar da ta shigo ta koma gudu hanya ɗaya, ya tara ta a cikin wasu manyan kafasito, inda ƙarfinta yake kai wa wajen bolt 325. Sa'an nan ya riƙa yanka ta da sauri, sau dubu hamsin ko fiye a daƙiƙa, ya tura ta cikin wata 'yar ƙaramar taransifoma wadda take sauko da ƙarfin. Daga nan sai ya sake miƙar da ita, ya tace ta, ya ba kwamfuta. Tsarin da yawancin akwatunan kwamfutar tebur suke bi, wanda ake kira ATX, kamfanin Intel ne ya fitar da shi a 1995, kuma ya ƙayyade cewa layin bolt 12 kada ya kauce da fiye da kashi 5 cikin 100, watau kada ya gaza 11.4, kada ya wuce 12.6.

Abin lura a nan shi ne, a cikin wannan ɗan akwati ɓangare biyu ne suke zaune kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya yana ɗauke da wutar da take kashe mutum, ɗayan kuma yana haɗe da jikin kwamfuta ko wayar da take hannunka. Abin da ya raba su shi ne rufin wayoyin taransifoma da wata tazara ta 'yan milimita da aka bari a kan allo. Ran mai amfani da na'urar yana rataye ne a kan wannan 'yar tazara.

Inda ake yin algus

Wanda yake so ya ƙera akwati mai araha ba zai taɓa fenti ko kwali ba, domin su ido yake gani. Ciki yake shiga.

Na farko, yana cire masu gadi. Akwatin kirki yana da fis, yana da abin da yake shanye tsallen wuta in ta yi sama farat ɗaya, yana kuma da wani ɗan da'ira mai lura wanda yake kashe akwatin nan take idan wutar da take fita ta yi yawa, ko an ɗora masa kaya fiye da kima, ko wayoyi sun haɗu, ko zafi ya wuce iyaka. Akwatin algus, in aka buɗe shi, sai a ga gurabun waɗannan abubuwa a zane a kan allo amma babu su, an ɗinke wurin da guntun waya. Akwatin kirki in ya ga abin da ya fi ƙarfinsa mutuwa yake yi shi kaɗai, ko ya kashe kansa a sake kunna shi. Na algus kuwa yana buɗe ƙofa ne wutar ta wuce ciki.

Na biyu, yana yin ƙarya a kan takardar da aka manna. Za a rubuta wat 500 da manyan baƙaƙe, alhali akwatin ba zai iya ba da rabin haka ba na tsawon sa'a guda. Akwai hanyar kama wannan wadda ba ta bukatar na'ura, sai lissafin aji huɗu na firamare. Kwamfutar zamani kusan duk ƙarfinta daga layin bolt 12 take ja. A duba jadawalin da yake jikin akwatin, a ga amfiya nawa aka rubuta ƙarƙashin bolt 12, a ninka. Idan an rubuta amfiya 18, to 12 sau 18 ya ba da 216. Akwatin da yake kiran kansa mai wat 500 amma layinsa na bolt 12 bai wuce wat 216 ba, ya tona asirin kansa da bakinsa.

Na uku, yana sa kafasito marasa ƙwari. A jikin kowace kafasito ana rubuta zafin da za ta iya jurewa, galibi digiri 85 ko 105. Masana harkar suna da ƙa'idar cewa duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba tsawon ran kafasito biyu. Ke nan mai digiri 105 za ta ninka mai 85 kwana sau huɗu a wuri guda. Kada kuma a ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Daga wajen 1999 zuwa tsakiyar shekarun 2000 an yi annobar kumburin kafasito a duniya saboda gurɓataccen ruwan da aka zuba a cikinsu, har kamfanin Dell ya ware kimanin dala miliyan 300 a 2005 domin gyara kwamfutocin da abin ya shafa. Idan babban kamfani ya sha wannan, ina ga akwatin da ba a san mai shi ba?

Na huɗu, yana rage jan ƙarfe. Wayoyi sai su zama sirara, wani lokaci ma alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Siririyar waya kuwa in wuta mai yawa ta bi ta, zafi take yi har robar ta narke. Da masu saye suka gane cewa akwatin kirki yana da nauyi, sai wasu maƙera suka koma liƙa guntun ƙarfe a ciki domin ya yi nauyi a hannu. Saboda haka rashin nauyi alama ce ta algus, amma nauyi shi kaɗai bai isa shaida ba.

Na biyar, kuma mafi muni, yana matse tazarar nan da muka ambata. A 2016 hukumar gwaje-gwaje ta UL ta gwada cajar iPhone ta jabu guda 400 da aka sayo daga ƙasashe daban-daban, guda 3 kacal suka tsallake gwajin rufin wuta. A 2013 wata mata ta rasu a ƙasar Sin tana amfani da waya a jikin caja, abin da ya sa kamfanin Apple ya buɗe shirin karɓar cajojin da ba nasa ba yana musanya su da rangwame. A 2014 kuma aka sami irin wannan rasuwa a Ostareliya, hukumomin can suka danganta ta da caja mai araha. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba, in ta ratsa ƙirji, tana iya tsayar da zuciya.

Adalci ya sa mu faɗa cewa babban suna ma ba ya hana kuskure. A 2021 masu gwaji a ƙasashen waje sun nuna wasu nau'o'i biyu na akwatunan kamfanin Gigabyte suna fashewa a wajen gwaji, har kamfanin ya yarda ya musanya wa waɗanda suka saya. Bambancin shi ne an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Akwatin da ba shi da suna ba shi da ƙofa.

Abin da ya sa namu ya fi tsanani

Akwatin da zai yi shekara biyar lafiya a ofis mai sanyi a Turai yana iya mutuwa cikin wata shida a nan, saboda dalilan da kowa a zauren nan ya sani.

Wutarmu ba ta zaune wuri ɗaya. Wata rana ta zo rabi, ƙwai yana ja kamar garwashi. A irin wannan hali akwatin wuta yakan ƙara jan amfiya domin ya cike giɓin, sai ya ɗauki zafi. Wata rana kuma, idan wayar tsakiya ta tsinke ko aka sace ta a taransifomar unguwa, wutar da take shiga gida tana iya haurawa ta doshi bolt 400, ta ƙone duk abin da yake jone. Da damina ga tsawa. In wutar ta ɗauke gaba ɗaya, kamar yadda aka yi a watan Oktoba na 2024 sa'ad da yawancin jihohin Arewa suka kwana fiye da mako guda cikin duhu, sai a koma kan ƙaramin janareta, wanda ƙarfinsa yake hawa da sauka, musamman in mai ya kusa ƙarewa ko aka kashe wani babban kaya da yake jone da shi. Masu sola kuma, da yawa inbatarsu mai araha ce, wutar da take bayarwa ba ta da santsin ta Nefa, wasu akwatunan har kuka suke yi a kanta.

Sai zafi. A watan Afrilu zafin ƙasar Kano yakan haura digiri 40 a inuwa, shagon kwano kuwa ya fi haka, cikin akwatin ya fi na shagon. A tuna da ƙa'idar digiri 10. Da hunturu kuma ƙura tana toshe fankar akwatin, ta yi wa kayan ciki bargo.

Sai kayan gwanjo. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya nuna ana shigowa da wajen tan dubu 60 na tsofaffin kayan lantarki a shekara, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu kuwa ba sa aiki tun daga can. Wannan bai sa mu ce a guji tokumbo ba. Tsohuwar kwamfutar ofis ta sanannen kamfani, mai akwatinta na asali, sau da yawa ta fi sabuwa haɗin gida mai akwatin da ba a san asalinsa ba. Amma akwai tarko guda da ya kamata kowa ya sani. Tsofaffin akwatuna da yawa suna da wani ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Amurka wutarta wajen bolt 120 ce, saboda haka kwamfutar da ta fito daga can takan zo a kan 115. Wanda ya jona ta a wutarmu bai mayar da makunnin kan 230 ba, kafin ya ɗauke hannu daga soket akwatin ya tashi aiki.

Daɗin daɗawa, gidajenmu da shagunanmu da yawa ba su da wayar ƙasa. Filogi mai ƙafa uku da muka gada daga Ingila, doguwar ƙafar ta sama ita ce take kwashe wutar da ta ɓalle ta kai ta ƙasa, akwai kuma fis a cikinsa. Mu kuwa sai mu karya ƙafar, ko mu cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana, in fis ya ƙone mu naɗa masa waya. Duk wanda jikin kwamfutarsa yake ɗan jansa in ya taɓa, to gargaɗi ake yi masa.

Ba sai mun tsaya bayyana abin da gobara take yi ba. Mutanen Kano ba su manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ba, wadda ta cinye dubban shaguna, ga kuma ta kasuwar waya ta Farm Centre a watan Yuni na 2025. Can birni ne, inda motocin kashe gobara suke kusa. A ƙauye, shago mai silin kwali cike da takardu, da galan ɗin fetur a gefe, kafin taimako ya iso sai dai a tarar da toka. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Lissafin riba da hasara

Wani zai ce, duk mun ji, amma aljihu ne yake yanke hukunci. To bari mu yi lissafin aljihun. Kowane akwati yana ɓarar da wani kaso na wutar da ya ja, ta zama zafi. A 2004 aka kafa wani tsarin shaida mai suna 80 PLUS, wanda yake tabbatar da cewa akwati yana miƙa aƙalla kashi 80 cikin 100 na abin da ya ja. Mu ɗauki kwamfutar da take bukatar wat 200. Akwatin da yake miƙa kashi 70 zai ja wat 286 daga soket, mai miƙa kashi 85 kuwa wat 235 zai ja. Bambancin wajen wat 50 ne a kan kowace kwamfuta, kuma duk zafi yake zama a cikin ɗaki. A ɗakin jarrabawa mai kwamfutar tebur 250, wannan ya kai kilowat 12 da rabi, watau ƙarin nauyi ne a kan janareta wanda ake saya wa mai kullum ba don ya yi aikin komai ba. Ga mai sola kuma, ƙarin faranti ne da ƙarin batir. Wanda ya sayi akwatin araha bai tsira da kuɗinsa ba, biya yake yi kaɗan-kaɗan a gidan mai.

Sai dai a kula, shaidar 80 PLUS ta tattalin wuta ce, ba ta ce komai game da kare rai ba, kuma ana buga ta ta ƙarya. Masu tsarin suna da jerin akwatunan da suka gwada a intanet, kowa yana iya duba sunan akwati da lambarsa. Haka alamar CE ta ƙasashen Turai, mai ƙera kaya ne da kansa yake liƙa ta, don haka ganinta a jikin kwali bai isa a kwanta a kai ba.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ga ɗalibi ko mai shago, shawararmu ita ce ya ce a buɗe masa kwamfuta kafin ya biya. Ya duba sunan maƙerin akwatin da lambarsa, ya yi lissafin bolt 12, ya duba jan makunnin nan in akwai shi, ya karɓi rasit mai ɗauke da sharaɗin garanti a rubuce. Cajar laftof in ta lalace, tsohuwa ta asali ta fi sabuwa ta jabu, kuma a tabbata bolt ɗinta ya yi daidai da na laftof ɗin, amfiyarta kuma bai gaza na asali ba. Wanda ya sami hali ya sa sitabilaiza ko UPS a tsakanin bango da kwamfuta. In an ɗauke wuta a zare filogi, in an kawo a ɗan jira ta zauna, haka in hadari ya taso. Janareta a bar shi ya daidaita kafin a jona, a kuma zare kafin a kashe shi. A riƙa busa ƙurar fanka. Kada a bar caja a kan katifa ko ƙarƙashin matashi, kada a kwana da waya a jikin caja kusa da kai, kada a taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu. Wanda bai koyi aikin ba kada ya buɗe akwatin wuta, domin manyan kafasito suna riƙe wuta ko bayan an zare filogi. Aikin makaranta kuwa a ajiye shi wuri biyu ko uku.

In aka ji warin ƙuna, ko ƙara, ko kwamfuta ta riƙa mutuwa da kanta, a kashe a kai gyara. In wuta ta kama, a fara yanke lantarki daga babban makunni, kada a watsa ruwa a kan abin da yake jone, a yi amfani da yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda. In wuta ta kama mutum, kada a cafke shi da hannu, a kashe makunni ko a ture wayar da busasshen itace.

Ga yayyenmu ma'aikata, musamman waɗanda suke ofishin saye da sito, nauyinku ya fi namu, domin da sa hannunku ɗaya ake sayen kwamfutocin makaranta ko na asibiti guda. Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007 ba ta ce a ba mafi araha kawai ba, cewa ta yi mafi araha a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗan da aka gindaya. Ke nan idan takardar kwangila ba ta ambaci akwatin wuta ba, ɗan kwangila bai karya doka ba in ya kawo na banza, mai rubuta takardar ne ya bar ƙofa a buɗe. A rubuta ƙarfin da ake so a layin bolt 12, da irin kariyar da ake so, da tsawon garanti. Ranar karɓar kaya a buɗe wasu daga ciki a gani kafin a sa hannu. Wayarin ginin kuma a ba mai lasisi, wanda zai kafa wayar ƙasa ta gaske, ga hukumar NEMSA nan da aka kafa a 2015 domin irin wannan aiki.

Ga hukuma, muna tuna mata cewa kayan aikin suna hannunta. Hukumar kula da ingancin kaya, SON, tana nan tun 1971, tun 2005 kuma take da tsarin SONCAP wanda ya wajabta a gwada kayan lantarki kafin a shigo da su. Akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa. Abin da muke roƙo shi ne binciken ya sauko daga tashar jirgin ruwa ya iso kasuwa, ya iso har kasuwannin ƙauye inda ake baza caja a kan tabarma. Mu ma kuma mu koyi kai ƙara, domin hukuma ba ta bin abin da ba a kai mata ba.

Ga 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, ba mu ce ku daina sayar da mai araha ba, talaka ma yana da haƙƙin ya mallaki kwamfuta. Abin da muka ce shi ne ku faɗa wa mai saye gaskiyar abin da yake saye. Akwatin da aka rubuta wa wat 500 alhali bai kai rabi ba, tauye mudu ne, kuma kowa ya san matsayin tauye mudu da algus a addininmu tun kafin a ƙera kwamfuta.

Kammalawa

Malam Shugaba, mu da muka sami gatan shiga jami'a, mu ne ake tambaya a gida in za a sayi waya ko kwamfuta, mu ne ake kira in sola ta ƙi aiki. Iyayenmu ba sa sayen bijimi sai sun duba haƙoransa, ba sa sayen buhun masara sai sun soka hannu har ƙasa. Abin kunya ne a ce 'ya'yansu masu digiri suna sayen na'ura saboda kyan kwali. Muna ba da shawara kafin hutun nan ya ƙare, waɗanda suke karatun injiniya da kimiyyar kwamfuta a cikinmu su ware rana guda, su zaga makarantun sakandare da shagunan caji na Falgore da ƙauyukan kewaye, da izinin masu su, su duba soket da filogi da wayar ƙasa da jan makunnin nan, su nuna wa masu wurin abin da suka gani. Aikin yini ɗaya ne, abin da ake bukata sukundireba da 'yar mitar gwada wuta. Wanda yake so ya shiga, ya ba sakataren taro sunansa bayan an tashi.

Abin da muka faɗa daidai, daga Allah ne, inda muka yi kuskure kuma malamanmu su gyara mana. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu daga gobara, ya sa albarka a karatunmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.